Ƙararrawar Ɗan Gidan Lungu

Ostrava, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga Gwaggo Otýlie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki. Ba ki san ni ba. Sunana Hedvika, 'yar Ctibor Kroupa, jikar Růžena wadda kuke 'yar wa da 'yar ƙani da ita. Na sami adireshinki ne a bayan wani tsohon katin Kirsimeti da kika aiko mata, a cikin akwatin zarenta.

Baba ba shi da lafiya. Ƙurar ramin kwal ta cinye masa huhu, yanzu daga gado sai kujerar bakin taga. Mutum ne da bai taɓa roƙona komai ba, ko ruwa sai ya lallaɓa ya ɗebo da kansa. To makon jiya ina shirin fita aiki gidan burodi ya kira ni, ya ce in ya mutu yana so a kaɗa masa ƙararrawar Jedlovice. Na ce wace Jedlovice kuma, ai mu 'yan Ostrava ne. Ya ce a can aka haife shi. Yana ɗan shekara biyar aka ɗora su a amalanke aka fitar da su, shekarar da hukuma ta karɓe gonaki. Kaka ba ta taɓa yarda a yi zancen ba har ta rasu.

Ban san yadda ake yi ba. Wa ake roƙo, fada, wato limamin coci, ko shugaban ƙauye? Ƙararrawar ma tana nan kuwa?

Taki,
Hedvika


Jedlovice ta Ƙasa, 15 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Hedvika,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ki yi wa mahaifinki sannu da jiki. Ki yi haƙuri, wasiƙar da kika rubuta wa wata, wani ne ya buɗe. Otýlie ta rasu shekara shida ke nan. Ni ne mijinta, Vendelín Hejda, tsohon akawun tashar jirgin ƙasa. Sai da ambulan ɗin ya kwana a kan tebur kafin na buɗe, don an daɗe ba a rubuta sunanta a kan komai ba. Lafiyata dai irin ta tsofaffi ce. Gwiwa ta ƙi, kunnen hagu ya yi murabus, na dama ma yana shirin binsa, shi ya sa ba ni da waya.

Ta wani gefen kin yi sa'a. Ƙararrawar tana nan, a 'yar hasumiyar katako da ke tsakiyar filin gari, kuma igiyarta a hannuna take. Fada ba mu da shi, coci ma sai an je ƙauye na uku. Kaɗa ƙararrawa aikin gidan su Otýlie ne tun kakanninta, ni kuwa na gaje shi tare da murhu da kyanwa. Ina kaɗawa da tsakar rana, in sake da faɗuwarta.

Ta mutuwa daban ce. Da hantsi ake kaɗa ta, a hankali, zubi uku in namiji ne, biyu in mace. Duk wanda ya ji sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo gindin hasumiya ya tambaya, na wa? To a nan matsalar take. Ba a amsawa da sunan dangi. A garin nan gida ne ke da suna, da shi kuma ake kiran duk wanda aka haifa a cikinsa: wane na Gidan Maƙera, wance ta Gidan Bakin Rijiya, ko da maƙerin ƙarshe ya mutu tun zamanin sarakunan Vienna. Wanda ba a san gidansa ba, ba a kaɗa masa. Ba don mugunta ba, mai kaɗawar ne ba shi da abin da zai faɗa wa mutane.

Su Kroupa kuwa gida biyar ne a da, uku daga ciki aka kwashe a waccan shekarar. Da Otýlie na nan da ta ba ki amsa kafin ki rufe baki. Ni aure ne ya kawo ni. Shekara talatin ina zaune, amma har gobe Akawu baƙo ake ce min. Mutum ɗaya ta rage da ta ga zamanin da idonta, maƙwabciyata Apolena, ita kuma 'yarta ta ɗauke ta zuwa birnin Jihlava sai sanyi ya wuce. Rabin gidajen yanzu na 'yan Prague ne masu zuwa hutun ƙarshen mako.

Don haka ki tambayar min mahaifinki. Ba sunaye nake so ba, ɗan shekara biyar ba ya riƙe su. Me yake gani in ya tsaya a bakin ƙofa? Ta ina rana ke shigowa? Hanyar gangara ce ko hawa? Kome ƙanƙantar abu ki rubuto. Gaskiya tun da wasiƙarki ta zo ban zauna ba. Jiya har miyata ta kama ina tsaye a taga ina kallon rufin gidajen mutane.

Naki,
Vendelín Hejda


Ostrava, 3 ga Disamba

Kawu Vendelín,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyyar Gwaggo, ko da ta zo a makare. Allah ya jiƙanta. Baba yana nan yadda yake. Da na karanta masa zancen kunnenka ya ce ashe kurma ne zai kaɗa masa, to hakan ma ya yi, ba zai ji in ya yi kuskure ba.

Na zauna da shi yamma uku da takarda a hannu. Ga abin da na samu. Kullum da safe dinyoyi suna wucewa ta ƙarƙashin tagarsu a jere, su gangara tafki, kuma tafkin kusa ne ƙwarai, yana jin faɗawarsu ruwa yana kan gado. A bakin tafkin akwai wani gajeren gicciye na dutse da yake hawa ya mai da shi doki, har mahaifiyarsa ta taɓa marinsa a kan haka. Rana tana shiga idonsa in yana cin abincin safe, ƙofa a buɗe. Akwai itacen tuffa da reshensa ya kwanta kan rufi, 'ya'yan suna faɗowa su gangaro. Bayan gidan babu wani gida, daji ne.

Shi ke nan. Na matsa masa ya ƙara, ya ce in ƙyale shi, ba ɗan sanda ba ce ni. Amma bayan na kashe fitila na ji yana kwaikwayon kukan dinya shi kaɗai.

Taki,
Hedvika


Jedlovice ta Ƙasa, 11 ga Janairu

'Yata Hedvika,

Barka da sabuwar shekara, da fatan mun shiga a sa'a. Yaya mai jiki? Ni dai da sauƙi, sai dai dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, tafiyar da matashi zai yi kafin shayinsa ya huce ni sai ta cinye min safiya.

Na ɗauki takardarki a aljihu da sandata na zaga garin, yau wannan gefe, jibi wancan. Kin san garinmu a cikin kwari yake, kamar an ajiye shi a akushi. Hanya tana shigowa daga arewa ta kan gadar rafi, ta ratsa fili, ta fita kudu. Maƙabarta tana kan tudu. Tafkinmu ɗaya ne, a gabas da fili, mai bakin siminti, wanda 'yan kashe gobara ke ɗiban ruwa. Gicciyen dutse muna da shi, gajere kuwa, daidai hawan yaro. An ce wani ne ya kashe surukinsa a kan iyakar gona shekaru ɗaruruwa da suka wuce, aka sa shi ya sassaƙa da hannunsa. Amma a gindin hasumiya yake, babu ruwa kusa da shi sai na famfo.

Gidajen Kroupa uku da aka kwashe na je musu ɗaya bayan ɗaya. Gidan Bakin Rijiya a tsakiyar gari yake, gidaje sun kewaye shi, babu daji. Gidan Mai Zuma yana kan hawa, ƙofarsa kudu take kallo, wani likitan haƙori daga Prague ya saye shi ya shafa masa ruwan hoda. Na uku Gidan Lungu, can ƙarshen yamma. An rushe shi tun kafin in zo, sai tudun duwatsu da ƙaya. Daji yana bayansa, tsohon itacen tuffa ma yana nan. Amma a gabansa makiyaya ce shimfiɗe, busasshiya, tafki kuwa yana can ɗaya ƙarshen garin. Dinyar da za ta bi ta nan ta je ruwa sai dai in ta yi maye.

To ranar Asabar maƙwabcina Šimek mai gyaran tarakta zai je Jedlovice ta Sama ɗauko ƙarfe, na ce ya rage min hanya. Ban sani ba ko kin san Jedlovice ɗin biyu ce. Ta Sama tana bayan tudu, ba ma shiri da su tun wani rikicin ruwan niƙa da babu mai tuna farkonsa. Hedvika, muna shiga na ga tafkinsu, ga gicciyen dutse a bakinsa, ga gidaje a jere suna kallon gabas, daji a bayansu. Na leƙa maƙabartarsu, Kroupa har huɗu a kwance.

Ban ji daɗin rubuta wannan ba, amma ina tsoron mahaifinki ba namu ba ne. Yaro yana jin Jedlovice, ba zai riƙe ko ta sama ce ko ta ƙasa ba. Su ma suna da ƙararrawa, sai dai sun sa mata lantarki, maɓalli ake dannawa, kuma ƙararta kamar an yar da murfin tukunya. Ki sake tambayarsa. Ko ya tuna gada? Ko injin niƙa? Abin ya tsaya min a rai.

Naki,
Vendelín


Ostrava, 9 ga Fabrairu

Malam Hejda,

Na gode da wahalar da ka sha cikin sanyi. Muna nan.

Na karanta wa Baba wasiƙarka. Da na zo wurin da ka ce ba naku ba ne sai ya juya ya fuskanci bango. Can ya ce sau ɗaya aka taɓa fitar da shi daga garin, bai san za a sake ba. Ya ce ba ya so a danna masa maɓalli, gara a bari. Gada ko injin niƙa bai tuna ba, ni kuma ba zan ƙara tambayarsa ba.

Likita ya ce da wuya ya ga bikin Ista. Na rage aiki, ina kwana a ɗakinsa. Ba na jin zan iya ci gaba da rubutu. In Ista ta wuce ba ka ji daga gare ni ba, ka sani ya tafi, ƙarfin ɗaukar biro ne ban samu ba. Sai ka yi abin da al'adarku ta yarda, ko ka bari.

Hedvika Kroupová


Jedlovice ta Ƙasa, 19 ga Maris

'Yata Hedvika,

Ina gaishe ki, ina yi wa ɗan'uwana Ctibor sannu. Na lura na koma Malam Hejda, kuma na cancanta. Ba korarsa na yi ba, alƙalamin tsohon akawu ne, ya saba rubuta abu a bushe. Shirun da na yi kuma ba fushi ba ne. Tari ne ya kwantar da ni, Šimek ne ke ja min igiya, yana fizgarta kamar mai tayar da inji.

Ki zauna kusa da shi kafin ki ci gaba da karantawa.

Makon nan dusar ƙanƙara ta narke gaba ɗaya. Ranar Laraba na ji ƙarfi, na hau maƙabarta in share kabarin Otýlie. Na gama na zauna kan katanga ina mai da numfashi, na dubi gari a ƙasa. Sai na ga ruwa a makiyayar nan da ke gaban Gidan Lungu. Ba taɓo ba, ruwa sosai, kwance, zagaye kamar faranti, har agwagin daji biyu suna iyo. Kowace shekara yana taruwa a nan na 'yan kwanaki kafin ƙasa ta shanye. Sau nawa na gan shi, ban taɓa tambayar kaina me ya sa yake zaɓar wurin nan ba. Wannan karon na tsaya na duba da kyau. Gefensa ɗaya a miƙe yake ɗoɗar, irin miƙewar da sai hannun mutum. Daga tudun duwatsun gidan zuwa bakin ruwan kuwa jifa ɗaya ne.

Na gangaro da saurin da ban san ina da shi ba. Allah ya taimake ni hayaƙi na fita a bututun gidan Apolena, an dawo da ita ranar Talata. Na same ta tana zagin 'yarta a kan an canza mata wurin ajiye cokula. Ko gaisuwa ban gama ba na tambaye ta ruwan makiyaya.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai Akawu, shekara talatin kana cin burodin garin nan ba ka san Tafkin Dinya ba? Me kuke hira da Otýlie, lokacin tashin jirgi?”

Ashe 'yan gonar haɗaka ta hukuma ne suka cike shi da ƙasa don tarakta ta sami hanya, suka haƙa na simintin a madadinsa. Gicciyen ma a bakinsa yake tun asali, da sarƙa suka jawo shi zuwa gindin hasumiya don yana tare musu garma. Na ce mata to a Gidan Lungu akwai yaro? Ta ce ɗan Růžena mana, mai kai kamar kabewa, wanda ke hawan gicciye yana dukansa da reshe, ba ya barin mutum ya wanke kaya cikin kwanciyar hankali.

Daga nan ta ajiye cokulan da ke hannunta. Ta ce tana 'yar budurwa a lokacin, tana tsaye bayan shinge aka ɗora su Růžena a amalanke, babu wanda ya fito ya yi musu sallama don tsoro. Washegari da safe dinyoyin suka fito a jere kamar kullum, suka bi ta ƙarƙashin tagar, babu kowa a ɗakin.

Ki gaya masa Ctibor na Gidan Lungu ne shi, na Jedlovice ta Ƙasa. Itacen tuffarsu yana tsaye. In lokaci ya yi, da hannuna zan kaɗa, ko da kafaɗar za ta fita. Ki tambayar min shi abu ɗaya in yana da ƙarfi: tuffar ja ce ko kore? Apolena ta ce ja, ni kuwa na ga kamar kore take yi.

Kawunki,
Vendelín


Jedlovice ta Ƙasa, 21 ga Afrilu

'Yata Hedvika,

Ina yi miki gaisuwa da ta'aziyya. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya ba ki haƙuri. Ba sai kin amsa ba, na tuna abin da kika ce. Ista ta wuce, na ƙara mako guda ina tsayawa a bakin shinge duk lokacin da mai kai wasiƙu za ta wuce, har ta fara girgiza min kai tun daga nesa. Abin da ke damuna kawai, ban sani ba ko wasiƙata ta same shi da rai.

Ranar Talata da hantsi na kaɗa masa. Na sa baƙar rigata ta aiki, na yi zubi uku, ina hutawa tsakani kamar yadda surukina ya koya min. Ina so ki san waɗanda suka zo, don kada ki ɗauka iska na kaɗa wa.

Šimek ne ya fara isowa, hannu duk baƙin mai. Sai matar mai kanti da jaririnta, sai 'yan'uwa biyu na Gidan Maƙera. Likitan haƙorin nan yana hutu, ya fito da takalmin ɗaki, da ya ga kowa ya cire hula shi ma ya cire. Wasu mutum biyu 'yan Jedlovice ta Sama suna gyaran shinge a kan tudu, iska ta kai musu, suka gangaro. Apolena ce ta ƙarshe, da baƙin kallabi. Ta san amsar sarai, amma ita ta yi tambayar, don haka ake yi.

Ta ce, “Na wa?”

Na ce, “Ctibor na Gidan Lungu.”

Matasan suka dubi juna, don ba su taɓa jin an kira gidan ba. Sai Apolena ta zauna a kan gicciyen, wanda ko ni ba zan yi ba, ta ba su labari tun daga dinyoyi har amalanke. Babban ɗan Gidan Maƙera ya ce kakansa ya taɓa cewa mutanen Lungu su ne masu dawakin da suka fi na kowa kyau. Daga nan babu wanda ya ce a tafi, sai ga mu duka muna bin hanyar yamma. Muka tsaya ƙarƙashin itacen tuffa, ya fara toho. Matar mai kanti ta kunna kyandir a kan duwatsun. Šimek ya ce zai kawo inji ya sare ƙayar, bai kamata gidan mutane ya zauna haka ba.

Kafaɗata tana ciwo har yau, amma ba komai. An yi masa yadda ake yi wa ɗan gari.

Kawunki,
Vendelín


Ostrava, 24 ga Afrilu

Kawu,

Baba yana raye. Ga shi nan a gabana yana shan miyar dankali.

Ban san ta inda zan fara ba. Ai na rubuto maka tun ƙarshen Maris. Ranar da na karanta masa zancen ruwan makiyaya ya ce a tashe shi zaune, washegari ya nemi abinci. Likita ya ce ba warkewa ba ce, amma shi ma ya yi mamaki. Duk na rubuta maka wannan, har da amsar tuffa. Ja ce.

Da wasiƙarka ta zo na karanta layin farko na rasa abin yi, sai ya ce in karanta da ƙarfi. Kawu, ya yi dariya har sai da na ƙara masa iskar numfashi ta kwalba. Da na zo wurin da Apolena ta yi tambaya ka amsa, dariyar ta tsaya, ya ce in maimaita. Na maimaita sau uku.

Ga saƙonninsa. 'Yan ta Saman nan biyu, sun cire hula ko kuwa? Dawakin, wane launi ne, don doki ɗaya kawai yake tunawa? A gaya wa Apolena kansa ba kabewa ba ne, hular ce ta yi masa yawa. Kuma wai a ina aka taɓa jin mamaci ya sami rahoton jana'izarsa ta gidan waya.

Taka,
Hedvika


Jedlovice ta Ƙasa, 2 ga Mayu

'Yata Hedvika,

Ina gaishe ku, ke da mamacin. Ban san ko in yi murna ko in ɓuya a rumbun dankali ba, sai na yi duka biyun. Wasiƙarki ta Maris ta iso jiya. Cikin sauri Jedlovice kawai kika rubuta, ta tafi ta Sama, ta kwanta a akwatin wani gida mai lamba irin tawa, masu shi ba su zo ba sai da ɗumi ya shigo.

Gari ya samu abin yi. Šimek in ya gan ni sai ya dafe ƙirji ya ce, don Allah Akawu ka tambaye ni tukuna kafin ka kaɗa min. 'Yan ta Sama sun aiko cewa maɓallinsu bai taɓa kashe mai rai ba. Sun cire hula ranar, ki gaya masa. Dawakin kuwa ɗaya ja, ɗaya fari mai ɗigo.

Amma akwai abin da ba na dariya ba. An zauna a kanti ranar Lahadi, na tambaya yaya za a yi in ranar gaskiya ta zo. Apolena ta ce tunda take ba ta taɓa jin an kaɗa wa mutum ɗaya sau biyu ba. Kowa rabonsa ɗaya ne, in aka fara maimaitawa ƙararrawar ta zama abin wasa, gobe in an ji ta babu mai ajiye aikinsa. 'Yan Gidan Maƙera suka goyi bayanta. Na so in yi gardama, amma a raina na san gaskiyarta.

Ke nan abu ɗaya da mutumin nan ya roƙa, na kashe masa shi tun yana raye. Ki gaya masa yadda yake, kada ki sassauta. In ya ce a sake, zan sake, ko da za su karɓe igiyar daga hannuna.

Kawunki,
Vendelín


Ostrava, 14 ga Yuni

Kawu Vendelín,

Ina gaishe ka, yaya kafaɗa? Wannan karon na rubuta adireshin cikakke.

Baba ya rasu ranar Alhamis da rana, yana kujerarsa. Bai sha wahala sosai ba.

Na gaya masa zancen sau biyun tun a watan Mayu, kamar yadda ka ce. Ya ce kada ka kuskura. Ya ce duk wanda aka kaɗa wa a garin tun da aka rataya ƙararrawar, babu wanda ya san ko an zo ko ba a zo ba, sai shi. Kada ka ɓata masa da na biyu, ƙila ma ranar ana ruwa mutane su ƙi fitowa.

A takardar sanarwar rasuwa na sa sun buga Ctibor na Gidan Lungu a ƙarƙashin sunansa. Mai bugawar ya tambaye ni ko sunan kamfani ne.

Taka,
Hedvika


Jedlovice ta Ƙasa, 20 ga Yuni

'Yata Hedvika,

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Wannan ta'aziyyar ta gaske ce, shi ya sa ta fi ta farko gajarta. Ni lafiya lau, kafaɗa ta saki.

Wasiƙarki ta zo da hantsi, daidai lokacin da ake kaɗa ta mutuwa. Na zauna da ita a hannu ina kallon hasumiya ta taga, ban tashi ba. Na bi maganarsa. Ban gaya wa kowa ba.

Da rana ta take na je na kaɗa ta tsakar rana kamar kullum, ban ƙara ba ban rage ba, ko dai haka na zata. Ina ɗaure igiya na juyo, sai ga Apolena tsaye da baƙin kallabinta, tana haki don saurin da ta yi. Na ce mata ai ta rana ce. Ta ce ta shekara tamanin tana jin ƙararrawar nan, ta san hannun da ke kiran mutane cin abinci, ta san wanda ba shi ba.

Ta ce, “Na wa?”

Na ce, “Ctibor na Gidan Lungu.”

Ta gyara kallabinta ta ce, “Mun sani. Ai ka gaya mana tun watan Afrilu.”

Sai ta kama hannuna, muka koma gida a hankali.

Kawunki,
Vendelín